Tabarmin Abukari Kaboyi

"Ni da Baba Hollis ai ba sai an gabatar da mu ba," in ji Abukari, yana sakace da tsinke. "Daga filin jirgin LaGuardia na ɗauko shi a tasi ɗina. Muna tsaye cikin traffic a kan gada ya dafa kafaɗata ya ce, 'Abu, da a ƙauyenmu aka haife ka, wallahi da ni ne direba, kai ne mawaƙin.'"

"Har wallahin ya faɗa?" in ji Malam Jibrin.

"Da Turanci ya faɗa."

A shagon abincin Hajiya Damata ake wannan zance, can Morrisania cikin Bronx, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah ta 2015. Ɗan'uwa, in ba ka san Abukari ba, bari in gwada maka shi tun kafin ya gwada maka kansa, don in ya riga ni ka shiga uku. Ɗan Zangon Kumasi ne, shekararsa goma sha tara yana jan tasi a New York. Gajere ne, tumbinsa ke fara shiga ɗaki kafin sallamarsa. Yana da wata faffaɗar hula da ya saya a Fordham Road, a shagon da ake sayar da kayan shigar dodanni, da wasu takalma masu tsini da suka yi masa kaɗan, shi ya sa in yana tafiya sai ka rantse jiya aka yi masa kaciya. Kaboyi ake ce masa, yana kuma amsawa da ƙarfi, alhali ko jaki bai taɓa hawa ba. Saniya kuwa a cikin miya kaɗai ya san ta.

Amma kar in zalunce shi, akwai aiki ɗaya da ya iya, shi ne kama wuri. Duk Sallah, tun gari bai waye ba yana Crotona Park da tabarmi a kafaɗa, ya shimfiɗe sahun gaba kaf don manyan unguwa. Mutanen Gambiya sun gwada shi, 'yan Mali sun gwada shi, kowa ya haƙura ya koma sahu na uku. Wannan nasarar ita ta lalata shi. Tun daga nan ya yanke cewa duniya gaba ɗayanta filin Idi ce, wanda ya riga shimfiɗa tabarma shi ke da wuri, sauran bayani kuma surutun Turawa ne.

Ita kuwa Hajiya Damata, shekara biyar ke nan da rasuwar mijinta. Mace ce mai kamun kai da hannun girki. Waakye ɗinta, wato shinkafa da wake irin na Ghana, har daga Harlem ake zuwa ci. Shekara biyu Abukari yana zarya da maganar aure, ita kuma amsarta ɗaya ce kullum: "Sai na yi tunani." Abu ɗaya ne ke sassauta Hajiya, shi ne kiɗan country, irin na Turawan karkara, jita da murya mai sanyi, ana kukan gona da uwa da matar da ta gudu ta haɗa har da motar. Kar ka yi mamaki. Duk wanda ya tashi a Ghana ko Najeriya ya sha jin sa a rediyo ranar Lahadi da safe. Mahaifinta direban babbar mota ne tsakanin Kumasi da Tamale, kuma kaset ɗaya ne a motarsa, na Hollis Crane, in ya tsinke a liƙe shi da salatif a ci gaba. Tana yarinya, in an yi hutu takan zauna a gefensa har Tamale, yana bin waƙar da Turancin da shi kansa ba ya ji. Uban ya rasu, motar ta ruɓe, muryar ce ta rage mata. A ɗakin girkinta ba a kunna kowa sai Baba Hollis, haka duk masu cin abincinta ke kiransa.

To, sai ga labari cewa tsohon zai yi zagayen ban-kwana, daga shi ya rataye jita. Wasa ɗaya tak zai yi kusa da New York, a wani buɗaɗɗen fili a New Jersey cikin watan Agusta, inda masu ƙaramin tikiti ke zama a kan ciyawa. Ranar da Hajiya ta ji, sai da ta zauna a kan buhun shinkafa ta share hawaye da bakin gyale. Abukari na ganin haka ya ajiye cokali.

"Hajiya, ki bar mini komai. Ciyawa fa suka ce. Ciyawa ai office ɗina ne. Zan zaunar da ke inda in Baba Hollis ya yi tari sai kin ce masa sannu."

Hajiya ta ɗago kai. "Malam Abukari, in ka kai ni na ga mutumin nan da idona, ranar zan ba ka amsarka."

Ranar nan Abukari ya kai wani fasinjan Brooklyn har Queens don murna, yana tuƙi yana waƙa.

Mutum goma sha biyu suka haɗu za su. Malam Jibrin, wani Bakano mai aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, shi ya sayo tikitin ta intanet ya bugo su a takarda, kowa da tasa. Yana ajiye su a kan tebur Abukari ya tattare ya soke a aljihu.

"Shugaban tafiya ke riƙe takardu."

"To, amma akwai ƙa'idoji a ƙasan takardar, bari in karanta maka."

"Malam Jibrin, kai jini ka sani, fili kuma nawa ne. Na taɓa zuwa asibitinku na ce ga yadda za ka soka allura?"

Sati biyu shagon ba shi da zance sai wannan. Mata suka sayo hulunan kaboyi, da riguna masu gida-gida da suka ɗora a kan zane. A'i, matar Malam Jibrin, ta gwada hular kaboyi a kan ɗankwali, ta dubi madubi ta ce ashe dama don ita aka yi. Hajiya ta manna takarda a ƙofa cewa ranar Asabar babu abinci, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, gwaurayen unguwa suka taru suna karantawa kamar sanarwar rasuwa. Yaya Saani, wan Hajiya, wanda shi zai ba da aurenta in an kai ga nan, ya ce shi ma za shi. Amma a rubuta a ajiye, rakiya zai yi, ba kallo ba, don bai ga abin da Musulmi zai nema wurin garayar Turawa ba.

Ranar Asabar suka cika wata doguwar mota: mutum goma sha biyu, kuloli huɗu na abinci, da tabarmi a ɗaure a baya. Gida-gida Abukari ya bi ya karɓo su, sha ɗaya na roba, cikon ta sha biyun kuwa sallayar Yaya Saani ce mai laushi wadda aka kawo masa tsaraba daga Madina. Suka haye gada suna waƙa, kowa da irin Turancinsa.

Wajen biyu da rabi suka isa, rana tana dukan tsakiyar ka, ashe an riga su da nisa. Filin ajiye motoci ya zama gari guda. Ko'ina akori-kura an sauke ƙofar baya, an kafa rumfuna, hayaƙin gashi na tashi. Ƙattai ba riga sun yi ja kamar tattasai, suna jefa 'yan ƙananan buhuna cikin ramin katako, in ɗaya ya faɗa su rungume juna. 'Yan mata da takalman kaboyi, tsofaffi da kujerun naɗewa, kowace mota da waƙar da take yi. Wata tsohuwa har ta rubuta sunan Baba Hollis a kumatunta. Hajiya ta sauko tana waige-waige, baki har kunne, don ba ta taɓa zaton akwai masu ciwo irin nata da yawa haka ba. Yaya Saani ya shaƙi hayaƙin ya ce a'uzu billahi, wannan naman ba na rago ba ne.

Shi Abukari ba ta nan yake ba. Idonsa na can bakin ƙofa, inda mutane suka fara jera layi, kowa da bargo a hammata.

"Kun gan su? 'Yan adawa ke nan," in ji shi. "Ku zauna nan ku sha iska. Ni zan shiga in kama wuri, in dawo in shigar da Hajiya kamar matar gwamna."

"To, ba kowa tikitinsa mana, ka tafi da naka," in ji Malam Jibrin.

"Ka gani? Shi ya sa ran Idi kake sahu na biyar. In na shiga da takarda ɗaya na shimfiɗa tabarma sha biyu, wani security zai zo ya ce mutum ɗaya wuri ɗaya. Sai na yi musu register duka sha biyun tukuna, a hukumance, sannan in ga mai ɗaga mini tabarma."

Malam Jibrin ya buɗe baki zai yi magana. Abukari ya ɗaga masa hannu, ya saci kallon Hajiya don ya tabbatar ta ga yadda ake shugabanci, ya saɓa tabarmi ya tafi yana ɗingishi.

A bakin ƙofar an kafa wata na'ura a kan sanda, mai ɗan gilashi. Kowa zai kara takardarsa, ta yi ƙit, ta kawo koriyar wuta, ya wuce. Matar da ke tsaron wurin, wata baƙar fata mai jiki, ta duƙufa tana binciken jakar wata. Abukari ya kara takarda ta farko. Ƙit, kore. Ya ji wani daɗi har cikin takalmi. Ya kara ta biyu, ƙit, kore. Ka tuna mutumin nan shekara tara ya yi yana jiran katin zama, tun da ya zo Amurka ba abin da ya taɓa ce masa "to" sau biyu a jere. Ya shiga jera su yana gyaɗa kai. Yana kan ta goma matar ta juyo.

"Malam, ina sauran mutanen?" ta tambaye shi da Turanci.

"Suna zuwa."

"Dakata, ai in ka riga ka kara takarda..."

Ƙit.

"Madam, shekara goma sha tara ina New York."

Ƙit.

Matar ta dube shi, ta dubi hular, ta dubi layin da ke bayansa yana turowa. Ta ce masa Allah ya ba da sa'a, ta koma kan jakarta.

Yana shiga ya zuba da gudu, takalma na cizonsa. Ya wuce wani tsoho mai sanda ba ko sannu, ya sha gaban wasu mata uku, ya isa can gaban ciyawa daidai inda kujeru suka ƙare. Nan ya nuna gwaninta. Cikin minti biyar ya jere tabarmi sha biyu, baki da baki, ko zare ba zai ratsa ba. Sai da ya ja da baya yana yaba aikinsa ya lura hannu ya yi abin da ya saba, duk alƙibla suka fuskanta, wajen layin bayan gida, dandamalin yana can hagu. Ya sake juya su ɗaya bayan ɗaya, ya sa sallayar Madina a tsakiya don Hajiya. Ya dubi wata Baturiya da ke shafa man rana a gefe, ya gaya mata wurin na manyan mutane ne, ta sa ido. Ta ce masa to, ba ta ko ɗago ba.

A ƙofar fita akwai allo, harufansa kowanne ya kai tafin hannu: NO RE-ENTRY. Wani dattijo mai farin gashin-baki da ke gadin wurin ya tare shi, ya fassara masa da baki.

"In ka fita fa ba dawowa."

"Wannan na baƙi ne," in ji Abukari. "Ni wurina na ciki. Ga tabarmina can."

"Na'ura ba ta san tabarma ba."

Abukari ya dafa kafaɗar dattijon cikin tausayi. Mutum ya tsufa a bakin ƙofa bai san yadda ake taro ba. Ya sa kai ya fice.

Ya iso mota yana fifita da hula. "Hajiya, an gama. In kin miƙa hannu sai kin taɓa igiyar jitarsa. Chale, abokai, Turawa sun ga aiki yau."

Aka rufe kuloli a mota, aka gyara ɗauri, aka jera. Abukari ya raba wa kowa takardarsa da hannu biyu kamar mai raba shaidar kammala makaranta. Ya sa Hajiya a gaba, shi yana gefenta yana buɗe mata hanyar da ba wanda ya tare. Hajiya ta yi bismilla ta kara takardarta. Na'ura ta yi wani ƙara irin na akuyar da aka taka, ta kawo jar wuta.

"Takardar ce ta yamutse," in ji Abukari. Ya karɓa ya goge ta a tumbi, ya kara. Ja. Ya juya ta ƙasa ta koma sama. Ja. A'i ta gwada tata, ja. Yaya Saani, ja. Haka aka bi har sha biyu, ta Abukari ma ba ta ji kunyarsa ba.

Mai tsaron ƙofar ta gane shi. "Au, kai ne mai sha biyun nan." Sannan ta dubi Hajiya ta sassauta murya. "Uwargida, na'ura ta ce kin shiga tun ƙarfe huɗu saura."

"Ni?" in ji Hajiya. "Ga ni tsaye."

"Na gan ki. Amma a wurinta kina ciki, ku duka."

Abukari ya juyo ga jama'arsa da Hausarsu ta Zango. "Matar nan bai san aikinsa ba koraa, ko kaɗan. A kira mini manaja."

Aka kira manaja, wani siriri mai rediyon hannu, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ce duk wasa sai an samu masu buga takarda ɗaya sau goma su zo da labari. Malam Jibrin ya matso a hankali, ya gaishe shi, ya buɗe wayarsa ya nuna masa saƙon sayen tikitin da sunansa da komai. Ya yi masa bayani dalla-dalla cewa ba zamba ba ce, wauta ce, kuma ga mai ita nan tsaye. Mai tsaron ƙofar ma ta sa baki ta ce gaskiya ne, da idonta ta gani. Manaja ya dubi Hajiya da hularta a kan ɗankwali, ya yi ajiyar zuciya, ya ɗaga rediyonsa zai kira ofis a gyara.

Ka ga da Abukari ya yi shiru na minti ɗaya, da yanzu wani labarin nake ba ka. Amma ina. A gaban Hajiya, a ce mai gwajin jini ne ya fitar da su? Ya ture Malam Jibrin gefe, ya zaro waya ya danna wa manaja a hanci.

"Ka san da wa kake magana? Kira Hollis ka ce masa Abu na bakin ƙofa."

Manaja ya sauke rediyon ya dubi hoton da ke kan wayar. Abukari ne a bakin tasi, rungume da wani Bature mai hular kaboyi.

"Wane ne wannan?"

"Maigidanka."

Shekara biyu Hajiya na jin labarin hoton nan, kullum wayar ba caji. Yau ta leƙa.

"Wannan ba Baba Hollis ba ne."

"Ya rame ne lokacin, Hajiya."

"Baba Hollis ya haura saba'in. Wannan ko arba'in bai kai ba. Kuma mene ne a rigarsa?"

Malam Jibrin ya gyara tabarau ya karanta. Sunan kamfanin feshin kyankyaso ne, har da lambar waya.

Mutanen layi suka fara dariya. Abukari ya ga abu na neman ƙwacewa, sai ya jawo makaminsa na ƙarshe, wanda bai taɓa ba shi kunya a shingen 'yan sandan hanyar Techiman can Ghana ba. Ya naɗe 'yar takardar kuɗi a tafin hannu, ya miƙa wa manaja musafaha yana kanne ido. Manaja ya buɗe hannunsa ya ga abin da ke ciki. Ya mayar masa a aljihun riga, ya rataye rediyonsa a ƙugu, ya ce magana ta ƙare, su ba mutane hanya ko ya kira 'yan sanda. Suka je tagar sayar da tikiti, aka nuna musu allo cewa ko ɗaya bai rage ba.

Suka komo mota. Filin da ɗazu ke cike ya fara yashewa, kowa ya kwashi bargonsa ya shige. Can Yaya Saani ya dubi agogo.

"La'asar ta yi. Abukari, miƙo mini sallayata."

Abukari ya shiga duba tayar mota.

"Tana ciki, Yaya," in ji A'i. "Ita ta samu shiga."

A kan shimfiɗun taka ƙafa na mota aka yi sallar, da wani kwali da aka tsinta aka ɓare. Yaya Saani ya ga hoton kwalabe a jikin kwalin, ya kifa shi ya tayar da kabbara. Abukari da ya saba sahun gaba, ranar a kan jarida ya yi sujada.

Suna sallamewa makaɗan share fage suka fara daga ciki, jama'a suka ɗauki sowa. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna a kan kula ta fuskanci shinge, ta cire hular ta ɗora a cinya, tana bin kiɗan a hankali. Abukari ya dube ta ya ji kunya ta gaske, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ta yi masa kamar minti huɗu. Daga nan ya ce shi tun farko ya lura tawadar da Malam Jibrin ya buga takardun da ita ba ta da ƙarfi.

Sannan ya ce bari ya zagaya ya ga wani babba da ya sani. Ya bi shingen waya har ya samu inda ake hango ciyawa. Ga tabarminsa can a gaba, ba wadda ta motsa. Wasu ƙattai ne da iyalansu suka baje a kai, ɗaya ya miƙe ƙafa da takalmi a kan sallayar Madina yana kaɗa kai. Baturiyar da ya bar wa amana tana tsakiyarsu, ita ke miƙa musu abin sha.

"Yaya tabarmi?" in ji Malam Jibrin da ya dawo.

"Suna nan lafiya."

"Madalla. Suna ganin dandamali sosai?"

Hajiya dai ba ta iya ganin abinci na lalacewa. Ta buɗe kuloli ta zuba wa kowa, ta kuma zuba faranti biyu ta miƙa wa maƙwabtansu, wasu tsofaffin Turawa mata da miji daga Pennsylvania da ke zaune a bayan akori-kurarsu. Su ba sa sauri, kujeru gare su masu lamba, jira suke rana ta yi sanyi tsohon ya fito. Mijin ya kai loma ɗaya da shito, baƙin yajin nan na Ghana, hawaye suka zubo masa, ya share ya miƙo faranti a ƙara. Matar ta tambaya me ya hana su shiga. A'i ta miƙe ta kwaikwaya mata komai, har da ɗingishin da ƙit ɗin sau sha biyu, tsohon ya yi dariya har ya ƙware. Sai matar ta tambayi Hajiya a ina ta san Hollis Crane. Hajiya ta ba ta labarin mahaifinta da babbar motarsa da kaset mai salatif, ta ɗan rera mata baiti ɗaya. Tsohuwar ta kama, suka ƙarasa tare.

Tsohuwar ta tashi ta buɗe gaban mota ta fito da takardu. Da ƙanwarta da mijinta za su zo, in ji ta, sai aka yi wa mijin aiki a gwiwa. Ga tikitinsu nan guda biyu, ba na ciyawa ba, kujeru ne a layi na takwas. Ta damƙa wa Hajiya ta rufe mata hannu.

Guda biyu. Abukari ya miƙe tsaye, ya karkaɗe shinkafar da ke tumbinsa, ya gyara zaman hula. A ransa yana cewa ai dama ya san za a yi haka, shi ya zaɓi inda aka ajiye motar.

"Yaya, taso mu je," in ji Hajiya.

Yaya Saani mai rakiya har ya riga ya ari hular A'i ya kafa a kan tasa. "Sallayata zan ɗauko," in ji shi, ba tare da ya dubi kowa ba.

Abukari ya bi su a baya har bakin ƙofa, takalma na cizo, yana kiran Hajiya ƙasa-ƙasa. Daga ciki aka ji an ambaci sunan tsohon a lasifika, fili ya ɗauka gaba ɗaya. Hajiya ta kara takardarta, na'ura ta yi ƙit ta kawo kore. Ta tsallaka.

"Hajiya, maganar tamu fa? Kin ce yau za ki ba ni amsa. Ga shi dai na kawo ki."

Hajiya ta juyo ta dube shi ta tsakanin ƙarafan ƙofa.

"Malam Abukari, na yi tunani paa, sosai da sosai. Na ga aikinka. In na yarda, ranar biki za ka kai gadona da tukwanena ɗaki, ka kulle, ka bar ni a titi da 'yan rakiya." Ta gyara hularta. "Amma kar ka damu, ba ka rasa ba. Akwai tabarmi goma sha biyu a ciki da suka yarda da kai suka bi ka. In an tashi zan fito maka da su, ka zaɓi huɗu."